Abubuwan da ke Haddasa Haɗurran Ababen Hawa da Raunuka a Cikin Birnin Katsina

Gabatarwa

Birnin Katsina ya zama hedikwatar jiha tun ranar 23 ga Satumba, 1987, lokacin da aka cire Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna. Daga wancan lokaci zuwa yau garin ya buɗe ta kowace fuska, unguwanni sun tsallake ganuwa sun yi nisa, kuma ababen hawa sun yawaita fiye da yadda magabata suka taɓa zato. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa jihar na da mutum miliyan 5.8, Ƙaramar Hukumar Katsina kaɗai kuwa tana da sama da mutum dubu 300, kuma jama'a sun ƙaru ƙwarai tun bayan wannan ƙidaya. Bayan mazauna birnin, kowace safiya dubban mutane ne ke shigowa daga ƙananan hukumomi 34 na jihar domin kasuwa, asibiti, makaranta, kotu ko wani aikin ofis.

Manufar wannan bayani ita ce fayyace wa jama'armu, musamman mutanen karkara da ke shigowa birni da kuma jami'an ƙananan hukumomi, abubuwan da ke jawo haɗari a titunan birnin da waɗanda ke sa rauni ya yi tsanani idan haɗarin ya auku. Ba kasafai haɗari ke faruwa saboda dalili guda ba. Yawanci abubuwa biyu ko uku ne ke haɗuwa a lokaci ɗaya, kamar direba mai gudu, da taya da ta siɗe, da yaron da ya fito daga lungu a guje. Da an kawar da ɗaya daga cikinsu, da kowa ya isa gida lafiya. Yarda da ƙaddara ba ta hana mu sanin waɗannan dalilai da kuma kawar da waɗanda ke cikin ikonmu.

Girman Matsalar

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya a kowace shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma suna samun raunuka, da yawansu har su nakasa. Haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗannan mace-mace suna faruwa ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan asarar rayuka. Fiye da rabin waɗanda ke mutuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu kekuna da babura.

A Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙididdige mutuwar sama da mutum 5,000 a 2023, haka kuma a 2024. Waɗannan alƙaluma sun ƙunshi haɗurran da suka isa ga hukuma ne kaɗai. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ninka wannan adadi sau da dama, domin haɗurra da yawa ba a kai rahotonsu. Mun san yadda abin ke kasancewa a garuruwanmu: babur ya buge mutum, a yi sulhu a bakin titi, a kai shi wurin mai ɗori, in kuma rai ya yi halinsa a yi jana'iza a ranar ba tare da an rubuta ko'ina ba. Saboda haka asarar da muke yi ta fi wadda ke bayyana a takarda.

Yanayin Birnin da Hanyoyinsa

Manyan hanyoyi da dama ne ke haɗuwa a Katsina: ta Kano, ta Daura, ta Mani, ta Kaita, ta Jibiya wadda ke wucewa zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ta Batsari da ta Dutsin-ma. Kowace daga cikinsu tana kawo motocin da suka daɗe suna gudu a fili, kuma ba tare da wata iyaka bayyananniya ba sai direba ya tsinci kansa a tsakiyar gidaje, shaguna da makarantu. Mai fitowa daga Kano, alal misali, ya shafe kusan kilomita 170 kafin ya iso Ƙofar Ƙaura, ƙafarsa ta saba da totur, idonsa kuma ya saba da gudun, har yakan ga kamar a hankali yake tafiya alhali bai rage komai ba. Hanyar Dutsin-ma kuwa tana ɗauke da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wato dubban ɗalibai da ma'aikata ke hawa, sauka da tsallaka ta safe da yamma.

A cikin ganuwa lamarin daban ne. Tsofaffin unguwanni irin su Rafindaɗi, Gambarawa, Saulawa da 'Yar'adua an gina su ne tun lokacin da ƙafa, doki da jaki su ne abin tafiya. Lungunansu ƙunci gare su, ƙofofin gidaje na buɗewa kai tsaye a kan hanya, kuma mai fitowa daga lungu ba ya ganin abin da ke tafe sai ya riga ya shiga titi. A manyan tituna kamar na IBB, Yahaya Madaki da Nagogo, tirela da ƙaramar mota da babur da Keke Napep da kurar mai ga-ruwa da ɗan makaranta duk suna amfani da kwalta ɗaya. Wannan cuɗanya ta mai gudu da mai tafiya a hankali, da mai nauyi da marar kariya, ita ce tushen yawancin haɗurran cikin gari.

An yi ƙoƙarin rage cunkoso ta hanyar shimfiɗa hanyar da ta kewaye birnin da kuma gina gadojin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya, waɗanda aka buɗe a farkon 2023. Sai dai hanya mai faɗi da santsi tana kawo tata matsalar, domin idan cunkoso ya ragu gudu yakan ƙaru, kuma mai tafiya a ƙasa yakan ƙara shan wahala wajen tsallakawa.

Gudun Wuce Ƙima

Rahotannin Hukumar Kiyaye Haɗurra na shekara-shekara sun sha nuna cewa gudun wuce ƙima ne kan gaba cikin dalilan haɗari a ƙasar nan. Dokar hanya ta ƙayyade kilomita 50 a sa'a ga ƙananan motoci, tasi, bas da babura a cikin gari, da kilomita 45 ga tankoki da tireloli. Wannan shi ne iyakar abin da aka yarda da shi idan hanya a buɗe take. A gaban makaranta, kasuwa ko masallaci, abin da ya dace shi ne kada a wuce kilomita 30.

Dalilin wannan ƙa'ida yana cikin lissafi mai sauƙi. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa guda, kuma direba mai hankalinsa a kan titi yana buƙatar aƙalla daƙiƙa guda tsakanin ganin abu da taka burki. Idan kwalta a bushe take kuma burki da tayu lafiyayyu ne, motar za ta tsaya bayan kimanin mita 28. A gudun kilomita 80 kuwa sai ta ci kusan mita 58, a gudun 30 kuma kimanin mita 13 sun isa. Ke nan idan yaro ya faɗo titi mita 20 a gaban mota, mai gudun 30 zai tsaya bai taɓa shi ba, mai gudun 50 zai buge shi, mai gudun 80 kuwa zai same shi kafin ma ƙafarsa ta kai ga burki.

Bugu da ƙari, gudu ne ke yanke ko kuskure zai tsaya a ƙujewa ko zai kai ga rasa rai. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo yana ninkawa sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana ninkawa fiye da sau huɗu idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Domin rage wannan matsala ne aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu a watan Fabrairu na 2017. Amma wannan na'ura an tsara ta ne domin manyan hanyoyi, ba ta hana direba yin gudun 80 a gaban makarantar firamare. A cikin gari, hankalin direba da tsarin titi da idon jami'ai su ne abin dogaro.

Babura da Keke Napep

Babur shi ne abin hawan talaka a birni da ƙauye, kuma dubban matasa ne ke ciyar da iyalansu da acaɓa. Amma mai babur ba shi da ƙarfen da zai tare masa karo, jikinsa ne ke fara isa ƙasa, kuma raunin kai shi ne ya fi kashe mahaya babur. Tun ranar 1 ga Janairu, 2009, aka fara tilasta sanya hular kwano ga direban babur da fasinjansa a faɗin ƙasar nan, amma duk wanda ya tsaya a bakin titi na ɗan lokaci zai ga cewa kaɗan ne ke sanya ta. Wasu na kukan zafi, wasu tsada, wasu kuma suna ƙyamar sanya hular da wani ya cire. Alhali bincike ya tabbatar da cewa hular kwano mai inganci da aka ɗaure igiyarta a haɓa tana rage raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 70 cikin ɗari. Hular da ba a ɗaure ba takan fice kafin kai ya taɓa ƙasa, ta leburorin gini kuma ba domin wannan aka yi ta ba.

Sauran abubuwan da ke ƙara wa babur haɗari sun haɗa da goyon mutum uku ko huɗu, ɗaukar buhuna da itace da awaki ta yadda kan babur zai gagara juyawa, cire madubai domin ado, kutsawa tsakanin motoci, da bin hannun da ba nasa ba domin yanke hanya. Mata masu zama a karkace sun fi saurin faɗowa, kuma dogon hijabi, mayafi ko bakin babbar riga kan shiga sarƙa ko tayar baya ya fizgo mutum ƙasa. A 2021 gwamnatin jiha, cikin matakan tsaron da ta ɗauka a lokacin, ta hana goyon mutum uku a babur da ɗaukar fiye da fasinja uku a Keke Napep. Ko da yake tsaro ne dalilin wancan umarni, iyakar da ya sanya ita ce kuma ta dace da kiyaye haɗari.

Keke Napep, wanda wasu ke kira kurkura, ya fi babur rufin asiri amma yana da nasa rauni. Ƙafa uku gare shi, don haka yana saurin kifewa idan aka sha kwana da gudu ko lodi ya rinjayi gefe guda. Ba shi da ƙofa, jikinsa kuma gwangwani ne. Yawancin karon da ake yi da shi yana faruwa ne lokacin da direba ya ga fasinja ya yanko gefe ko ya tsaya ba tare da sigina ba. Zaunar da fasinja a gefen direba kuma yana tauye masa hannu a lokacin da ya fi buƙatarsa.

Halin Direba

Doka ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya tuƙa abin hawa, kuma ba ta yarda a yi tuƙi ba lasisi. Duk da haka, ba baƙon abu ba ne a ga yaro ɗan shekara 13 a kan babur an aike shi cefane ko kai ƙannensa makaranta. Yaro yana iya koyon sarrafa babur cikin mako guda, amma auna gudun motar da ke tafe da sanin lokacin da ya kamata a haƙura sai da shekaru. Laifin a nan na wanda ya miƙa masa makulli ne. Haka kuma manya da yawa sun koyi tuƙi ne a hannun abokai a hanyoyin ƙauye, ba su taɓa sanin ma'anar alamomin hanya ba, ko wanda ke da haƙƙin fara wucewa a shataletale, wato wanda ya riga ya shiga cikinsa.

Shaye-shaye babban dalili ne. A yankinmu matsalar ta fi karkata ga ƙwayoyi irin su tiramadol, maganin tari mai kodin, tabar wiwi da sholisho. Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 saboda yadda ya yi wa matasa illa. Wasu direbobi na shan ƙwaya da nufin korar gajiya, amma abin da take yi shi ne ɓoye gajiyar tare da rage saurin tunani da sa mutum ganin zai iya abin da ba zai iya ba. Hatta wasu magungunan mura da ake saya a kemis suna sa barci, don haka ya kamata mai tuƙi ya tambaya kafin ya sha.

Amfani da wayar hannu yayin tuƙi laifi ne a doka, kuma yana ninka yiwuwar haɗari kusan sau huɗu. Direban da ya duba saƙo na daƙiƙa uku a gudun kilomita 50 ya yi tafiyar fiye da mita 40 bai ga gabansa ba. Mai babur da ya maƙale waya a kafaɗa ko ya toshe kunnuwansa da abin sauraro ba ya jin hon. Gajiya ma haka take, musamman ga direbobin manyan motoci da suka kwana suna tafe, da 'yan haya da ke aiki tun asuba har dare domin cika balas ɗin mai abin hawa. Akwai kuma raunin gani, wanda direbobi da yawa ba su san suna da shi ba domin ba su taɓa zuwa an auna idonsu ba.

Game da waɗanda ke cikin mota, ɗaura bel ya zama tilas tun ranar 1 ga Janairu, 2003, kuma yana rage yiwuwar mutuwa da kusan rabi. Masu cewa ai tafiyar cikin gari ce ba sai an ɗaura ba, su sani cewa karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita goma. Rungume jariri a kujerar gaba haɗari ne babba, domin babu hannun da zai iya riƙe shi a lokacin karo. Wurin yara shi ne kujerar baya.

Lafiyar Abin Hawa da Lodi

Yawancin motocin da ke titunanmu na hannu ne, sun yi shekaru kafin su iso mu, kuma tsadar kayan gyara tana sa mai mota ɗage zuwa wurin bakanike har sai abin ya tsaya. Burki, taya, fitila da sitiyari su ne abubuwa huɗu da ba a yi musu jinkiri. Taya tana da shekarun aiki, kuma a jikinta akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2322, misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin kada a yi amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Katsina, tsohuwar taya ko wadda aka cika wa iska fiye da kima ta fi saurin fashewa.

Da dare kuwa, motar da ke da fitila ɗaya takan yi kama da babur, babur marar fitilar baya kuma ba a ganinsa sai an iso kansa. Babbar motar da ta lalace aka bar ta a kan titi ba tare da alama mai ƙyalli ba tarko ce, kuma ganye ko duwatsun da ake jerawa ba sa haskawa a duhu, sau da yawa ma ana tafiya a bar duwatsun a kan kwalta. Lodin wuce ƙima yana ƙara nisan da mota ke ci kafin ta tsaya. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, wanda ya ƙara tura masu ƙaramin ƙarfi hawa saman kaya a bayan a-kori-kura da manyan motoci a ranakun kasuwannin Charanchi, Mashi, Jibiya, Batsari da sauransu. Irin wannan mota idan ta faɗi, raunukan kan yi yawa a lokaci guda.

Gefen Titi, Lokuta da Yanayi

Inda aka tanadar wa masu tafiya a ƙasa wuri, sau da yawa tebura, rumfuna, kayan gini da motocin da aka ajiye sun cinye shi, sai mutane su koma tafiya a kan kwalta. Wannan ya fi yawa a kewayen Babbar Kasuwa, tashoshin mota da ƙofofin asibitoci. Yara masu talla da almajirai da ke bin motoci a mahaɗar tituna suna cikin waɗanda suka fi fuskantar haɗari, domin gajeru ne, direba ba ya hango su a bayan motar da ke tsaye. Dabbobin da ake saki suna yawo, lambatun da ba a rufe ba, yashin da ke taruwa a gefen kwalta, da tudun rage gudu da mutanen unguwa ke yi da kansu ba fenti ba alama, duk suna kayar da masu babura.

Haɗari yana da lokutansa. Akwai safiya da lokacin tashi daga makaranta, da bayan sallar Juma'a, da gab da magariba lokacin da haske ya ragu amma ba a kunna fitilu ba. A watan azumi, rabin sa'ar da ke gaban buɗa-baki lokaci ne na gaggawa ga mutanen da suka wuni da yunwa da ƙishirwa. A bukukuwan sallah gari kan cika da baƙi masu zuwa kallon hawa, matasa kuma su yi ta tsere. Rakiyar amarya da ayarin 'yan siyasa su ma sun sha mayar da ranar murna ta koma ta makoki saboda wasa da mota da zama a kan tagogi. Da hunturu hazo yana rage nisan gani, da damina kuma ruwan farko yana haɗuwa da ƙura da man da ya zuba ya sa kwalta santsi, sannan ruwan da ya kwanta ya ɓoye ramuka.

Bayan Aukuwar Haɗari

Mutane da yawa ba a wurin karo suke rasuwa ba, sai a sa'o'in da ke biye, saboda jinkiri ko kuskuren masu taimako. Abu na farko shi ne a tsayar da ababen hawa daga nesa domin kada wata mota ta afka wa taron, sannan a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lambarta ta gaggawa, 122, wadda kyauta ce. A danne wurin da jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta. Kada a ba wanda ya ji rauni ruwa ko abinci, kada kuma a ɗaga shi da hannuwa da ƙafafu ko a naɗe shi a cikin Keke Napep, domin idan ƙashin wuya ko na baya ya taɓu, irin wannan ɗauka na iya shanye masa jiki har abada. In dole ne a motsa shi, a kwantar da shi a kan abu mai faɗi da ƙarfi, kansa da wuyansa da gadon bayansa a miƙe.

A birnin akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Babban Asibitin Katsina, da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi da ke kula da ƙashi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Karayar da ƙashi ya huda fata, da kowane bugu a kai ko ciki, na asibiti ne tun farko, ko da mutum ya miƙe yana magana, domin jini na iya zuba a ciki ba a gani. Ɗaurin da ya yi tsanani kuma yana tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe a kai ga yankewa. Haka nan muna jan kunnen jama'a da su nisanci tankar mai da ta faɗi. Gobarar da ta tashi a garin Majiya na Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu wajen kwasar fetur, ta isa darasi.

Hukumomi da Aikin Shugabannin Al'umma

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a watan Fabrairu na 1988, kuma tana aiki tare da 'yan sanda, jami'an duba lafiyar ababen hawa, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da hukumar kula da zirga-zirga ta jiha, wato KASSAROTA. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 da burin rage mace-mace da raunukan hanya da rabi. Amma jami'ai ba za su iya tsayawa a kowane lungu ba, kuma da yawa daga cikin dalilan da muka lissafa suna hannun ƙananan hukumomi da masu sarauta.

Ƙaramar hukuma ce ke kula da kasuwanni da tashoshin mota, don haka tana iya mayar da masu kasa kaya baya daga kwalta, ta ware wurin lodi da saukewa, ta kuma hana mota barin tasha da mutane a saman kaya. Tana iya rufe lambatu, kwashe yashi, da neman a yi tudun rage gudu bisa ƙa'ida a gaban makarantu. Zai yi amfani ƙwarai idan kowace ƙaramar hukuma ta buɗe littafin da za a riƙa rubuta wuri, rana, lokaci da irin abin hawan kowane haɗari, domin cikin 'yan watanni littafin zai nuna wuraren da suka fi buƙatar gyara. Hakimai, magaddai da masu unguwanni suna da bakin hana yara tuƙi da wasa da mota a bukukuwa. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu babura sun san 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, sun san mai shan ƙwaya da marar burki. Shugabannin makarantu kuma suna iya sanya babban mutum ya riƙa tsallakar da yara safe da rana.

Kammalawa

Ga 'yan'uwanmu da ke shigowa birni daga karkara, shawararmu ita ce su rage gudu tun daga gidajen farko na bakin gari, su duba burki da fitila kafin su baro gida, su kuma yi ƙoƙarin komawa da sauran haske. Mai tsallaka titi ya tsaya ya duba hagu, ya duba dama, ya sake duba hagu, ya riƙe hannun yaro, kuma a titi mai hannu biyu ya tsaya a tsakiya ya sake dubawa, domin akwai masu bin hannun da ba nasu ba. Fasinja yana da haƙƙin ce wa direba ya rage gudu, in ya ƙi ya sauka ya nemi wani.

Wanda haɗari ya fi ɗauka shi ne matashi mai ƙarfin nema, kuma idan ya rasu ko ya nakasa gida ne gaba ɗaya ke shiga wani hali: a sayar da gona ko dabba domin magani, yara su bar makaranta. Muna kira ga direbobi, iyaye, shugabanni da jami'ai da kowa ya kawar da dalilin da ke hannunsa, domin Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya.